Kada a Sayar da Karsanar Nan

Zuwa ga Maman Bahijja, a Yako.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da yara. Ni ma lafiya nake a gonar shanun nan ta Libiya. Kumburin hannuna ya fara sauka, har ina iya riƙe alƙalami.

Ƙanena Munir ya sanar da ni cewa wani dillali daga Kwanar Dangora ya buɗe bakin karsanarmu, ya ce ciwo ne yake zubar mata da haƙora, gara a sayar masa tun tana tsaye. Don Allah ki dakata.

Na karanta wata ƙasidar likitan dabbobi da ke nan gonar har sau uku. Saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, dasashi ne kawai mai tauri. Na ƙasa guda takwas ne. Idan ta kai wajen shekara biyu, biyun tsakiya sukan fita, manya su maye gurbinsu. Famfara ce, irin ta yara. Ki roƙi Baffa Ubale makiyayi ya duba bakin da kansa, har turamen ciki.

Karsanar nan kaɗai na bar muku. Idan kuma an riga an sayar, ki faɗa mini da kanki, kada in ji a bakin wani.

Allah ya tsare mini ku.

Mijinki,
Sagir