Allunan Baba Guda Tara

Iqaluit, 9 ga Oktoba

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Yaya gwiwar taka? Yaya Mama da Goggo Oksana? Ni lafiya lau, aikin asibiti na tafiya. Sanyin nan dai ba a magana, amma kada Mama ta ji.

Ashe da rabon ka ga wannan rana! A zaɓen lardi har karo tara kana kafa allon ɗan takararka a ƙofar gida, sau tara yana shan kaye a tsohuwar mazaɓarmu ta Winnipeg, kai kuma ka tumɓuke allon ka jingine a gareji. Ina tuna maƙwabcinmu Friesen yana leƙowa ta shinge: "Orest, bana ma in taya ka ɗauka?" Sai da aka rushe mazaɓar, aka haɗe layinmu da mazaɓar gaba, sannan naka ya ci! Mama ta ce har rawa ka taka a titi, da gwiwar nan. Allah ya ƙara lafiya.

Roƙona ɗaya: aiko min da guda cikin allunan nan tara. Iska na shigowa ta tagar ɗakina, kuma ban san abin da ya kai su juriya ba.

'Yarka,
Lesia