Kifin da Ke Zuwa Zance a Bokiti

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da matarka da yara. Ya aiki, ya kewar gida?

Yau kwana goma sha biyu ke nan da ɓarin jikin Mama ya shanye. Idonta biyu, tana haɗiye abinci, amma ko uffan. Likita ya ce idan wata ya cika a haka, mu fara sabawa da shirunta. Ban faɗa maka wannan a waya ba saboda muryata ba za ta ɗauka ba.

Likitan ya ce in riƙa yi mata karatu. Na bar asibiti na je ɗakinta a gida neman littafi, sai na ci karo da kwali a ƙasan zannuwan gado. Yaya, duk littattafan soyayyar da ta ƙwace wa ɗalibai a shekara talatin na shugabancin makaranta suna nan, har da nawa guda biyu da ta ce ta ƙone! Na ɗauko wani da bangonsa ya cire. Labarin wata mai gyaran agogo ne da samari uku: aljani mai tsoron duhu, da sarkin kifaye da fadawansa ke kawowa zance a bokiti, da wani malami kamili wanda ke rikiɗa ya koma akuya duk ranar Talata. Kunya kamar ta kashe ni, amma ina karantawa. Ma'aikatan jinya sun fara ƙirƙiro dalilin shigowa ɗakin da take kwance. Mama kuwa rufin ɗaki kawai take kallo. Ina jin tsoro ƙwarai.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa, nemi wuri ka zauna. Mama ta yi magana!

Jiya da la'asar na kai ƙarshen littafin, ashe shafukan ƙarshe sun yage. Wata ma'aikaciyar jinya na tsaye da tiren magani tana jiran ta ji wanda aka aura. Sai na ci gaba da kallon takarda ina shara ƙarya. Na aurar da yarinyar ga malamin, don a ganina shi ne surukin da shugabar makaranta za ta sa wa albarka, ko da akuyar.

Sai na ji ana numfashi da ƙarfi. Bakin Mama ya karkace, yana rawa. Ta ce, "Ƙarya." Ta sake tattaro ƙarfi ta ce, "Na bokiti."

Tire ya faɗi, magani ya watse. Ni kuwa na kifa kaina a cinyarta ina kuka ina dariya, ita kuma tana harara ta, hararar nan da ka sani. Ashe matar nan ta san littafin ciki da waje! Likita ya ce hanya ta buɗe, saura haƙuri da motsa harshe. Rabon da in ji kaina sakayau haka, na manta.

Yau da safe ta ce in tambaye ka yaushe za ka zo. Ta fi minti biyu tana haɗa kalmomin, na cije leɓe ban taya ta ko ɗaya ba. Idan ka kira, kai ma ka jira ta. Maganar tana isowa.

Ka gaida mutanen gidan.

Taka har kullum,
Auta