Takardar Shaidar Da Ba Zan Rataya A Kantina Ba

Zuwa ga Shugaban cibiyar koyon kwamfuta da na yi karatu a cikinta, a garin Rano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka, Alhaji, da fatan kana lafiya tare da iyali da dukkan ma'aikatanka.

Sunana Rakiya, daga Kibiya, ɗalibarku ta ajin Asabar da Lahadi. Na zo ofishinka ba sau ɗaya ba, kullum sai a ce ka tafi Kano. Na bar saƙo wurin sakatarenka, shiru. Shi ya sa na rubuto a fili. Ban ambaci sunanka ko na cibiyar ba, domin gyara nake nema, ba tozarci ba.

Maigidana yana da kantin magungunan dabbobi a Kibiya. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, ni nake riƙe da kantin, kuma da shi muke ci. Makiyaya daga Durba da Zurgu wurinmu suke zuwa neman maganin tsutsa da na kaska. Sai kamfanin da ke ba mu kaya daga Kano ya sanar da dillalansa cewa daga bana kowa zai riƙa tura rahoton wata ta kwamfuta: abin da ya shigo, abin da ya fita, da maganin da wa'adinsa ya kusa cika. Wanda bai iya ba, a ba wani dillancin. Na iya buga rubutu tun ina sakandare, amma wannan ya fi ƙarfina. Da na ga tallarku ta babban aji na 'yan kasuwa, inda za a koyar da manhajar lissafi da ta kula da kayan kanti, na yi rajista. Nakan bar maigida a hannun ƙanwarsa, in rufe kanti, in hau motar Rano.

Ga abin da ya faru.

Na farko: an fara karatu lafiya. Malam Nafi'u, wanda kuka ba mu, ya san aikinsa. Shi ya koya mini rubuta fomula, wato umarnin da ake ba kwamfuta ta yi lissafi da kanta. Ranar da na sa kwamfuta ta mayar da sunan magani ja da kanta idan ranar lalacewarsa ta matso, na koma gida na nuna wa maigida, ya yi ta dariya duk da bakinsa ba ya buɗuwa sosai. Muna shirin shiga darasin haɗa rahoto, sai muka zo wata Asabar babu Malam. An ce an mayar da shi ofis yana aikin wata kwangilar buga takardu da cibiya ta samu. Ba wanda ya zo ya yi mana bayani.

Na biyu: aka haɗe mu da ajin 'yan koyo. Sabuwar malamar mutuniyar kirki ce, kuma ba ta ɓoye mana ba, ta ce ita ba ta taɓa amfani da manhajar kula da kaya ba. Haka muka ƙarasa zangon muna sake koyon kunna kwamfuta da adana fayil. Ban ga laifinta ba. An ɗora mata abin da ba nata ba.

Na uku, kuma shi ya fi damuna: ranar yaye ɗalibai ka miƙa mini takardar shaida da hannunka, an rubuta cewa na ƙware a manhajojin kasuwanci. Ba a yi mana jarrabawa ba. Bayan ƙaramar Sallah wakilin kamfanin ya zo kantina. Na nuna masa takardar, ya ji daɗi, ya buɗe kwamfutarsa ya tura mini ita gabana, ya ce in fitar masa da rahoton watan jiya. Na zauna ina kallon allon. Akwai wani dattijo makiyayi a tsaye yana jiran maganin saniyarsa, shi ma yana kallona. Wakilin bai yi mini faɗa ba. Ya naɗe takardar a hankali ya mayar mini da ita, ya ce, "Hajiya, ki koma wurin waɗanda suka ba ki wannan." Albarkacin maigidana ya ɗaga mini ƙafa zuwa kaka.

Alhaji, ba ni kaɗai ba ce. A ajinmu akwai mai sayar da taki, akwai sakataren ƙungiyar direbobi, kowa da buƙatar da ta kawo shi. Mata biyu a unguwarmu sun tambaye ni ko su yi rajista a wurinku, na ce su dakata tukuna.

Don haka ina roƙon abu uku. A dawo mana da Malam Nafi'u, ko wani wanda ya san aikin, mu ƙarasa darussan da aka yi mana alkawari kafin kaka. A raba babban aji da na 'yan koyo. Kuma kada a ƙara ba kowa takardar shaida sai an zaunar da shi gaban kwamfuta ya yi aikin an gani.

Takardar shaidata na mayar da ita, tana wurin sakatarenka a cikin ambulan. Ku ajiye mini ita. Ranar da na haɗa rahoton kantina da hannuna, zan zo in karɓa, in yi maka godiya a fili kamar yadda na kawo kuka a fili.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya albarkaci cibiyarka, ya ba ka ikon sauke amanar waɗanda suka zo neman ilimi a hannunka.

Wassalam.

Rakiya, mai kantin magungunan dabbobi, Kibiya.