Rediyo a Ƙarƙashin Mangwaro

Kilomita Biyar, Bangi
10 ga Maris, 2007

Zuwa ga ɗana Lukman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya. Yaya aiki, yaya zafin Abuja? Mu nan sai godiyar Allah.

Kada ka yi mamakin wannan karkataccen rubutu, nawa ne. Shekara biyu ke nan ina zuwa ajin yaƙi da jahilci na Malama Kubura a unguwar Yakite, ni da furfurata. Na gaji da kai sirrin gidana wurin mai rubuta wasiƙa a bakin kasuwa. Ka ga har sunanka na rubuta a sama. Kai ne ɗan farina, bakina bai taɓa kiransa ba, amma ashe alƙalami ba shi da kunya.

Saƙonka ya iso ta hannun Abdulrahim direban babbar mota. Na buɗe kwalin na ga rediyon da ka ce daga tauraron ɗan'adam yake ɗauko magana, da eriyarsa mai kama da marfin ƙaramar tukunya, da wayoyi. Ka ce da shi za mu riƙa jin shirinka kullum bayan la'asar. Allah ya yi maka albarka.

Amma na yi ƙarya, gara ka sani. Ban gaya wa babanka daga wurinka ya fito ba, na ce tsarabar Abdulrahim ce. Ka san shi. Shekara bakwai ke nan tun ranar da ya tsaya a ƙofar gida gaban jama'a ya ce aikin rediyo roƙo ne, kada ka kuskura ka jingina sunansa da wannan sana'a. Har yau bai janye ba. Na ji tsoron kada ya sa a jefa kwalin a kwata.

Jikinsa ba kamar yadda ka bar shi ba. Idanun sun tafi gaba ɗaya, ƙafafun kuma suna kumbura. Tsohuwar tasinsa tana nan a tsakar gida ƙarƙashin mangwaro, an ɗora ta kan duwatsu. Da ya karya kumallo sai ya laluba ya shiga ya zauna a kujerar direba, hannunsa kan sitiyari, har yamma. Shi ya sa na ce a mota za a haɗa rediyon. Wutar gida ma ba ta zama, gara batir.

Na kira Imrana mai gyaran wayar mota na Titin Kuduku. Ya cire tsohon rediyon kaset, ya zaunar da sabon a gurbinsa, ya ja waya zuwa batir, ya fitar da ta eriya ta taga. Nan rigima ta tashi. Babanka ya ce a juya eriyar arewa maso yamma, wajen Tasawa garin kakanninsa, wai maganar Hausa daga ƙasar Hausa take fitowa. Imrana ya ce, Baba, in Tasawa za mu kama sai dai mu zuba mai mu kama hanya. Babanka ya ce masa ya yi shiru, mutumin da ko mafarki da Sango, yaren mutanen ƙasar nan, yake yi ba zai koya masa inda Hausa take ba. Suka gwada Tasawa, suka gwada alƙibla, suka gwada gabas maso kudu yadda ka zana a takarda. Shiru. Wannan rediyo ba ya ko shuuu irin na da. Ko dai magana, ko dai shiru kamar kabari.

Ka rubuto mini ina za mu juya ta. Kuma ka riƙa cin abinci a kan lokaci, Abdulrahim ya ce ka rame.

Wassalam. Mahaifiyarka,
Tasalla

Kilomita Biyar, Bangi
28 ga Afrilu, 2007

Zuwa ga ɗana Lukman,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya ruwa a wajenku? Mu nan damina ta sauka.

Na ji muryarka.

Bari in gaya maka yadda aka yi. Imrana ya dawo karo na huɗu. Yana riƙe da eriyar sai wani ya yi sallama, ya ajiye ta kwance a kan rufin mota ya je ya ba shi hannu. Kawai sai muka ji mutum yana magana a cikin mota. Ashe a nan Bangi tauraron bisa kanmu yake, tsaye kamar ranar tsaka. Zanen da ka aiko na Abuja ne. Mu muna ta neman sa a Tasawa, shi yana kallon tsakiyar kanmu. Babanka ya ce ai dama ya sani, gwada Imrana yake yi.

Sai dai abin da ke bisa kanmu mangwaro ne. Ya rufe tsakar gidan kaf. A fuskar rediyon akwai 'yan sanduna biyar da Imrana ya koya mini dubawa, in sun cika magana ta fito tas. Mu ɗaya muke samu, wani lokaci biyu. Ya ɗaure eriyar a kan gora ya soka ta tsakanin ganye, wayar ba ta kai ba. Ya ƙara mata tsawo, sai ɗayar sandar ma ta ɓace, ya ce ƙarin waya yana shanye ƙarfin. Motar kuma ba ta fita, tun da aka sake ginin katanga ƙofar ta yi mata kaɗan. Yanzu eriyar tana kan rufi daidai wata 'yar kafa a cikin ganye. In iska ta kaɗa, maganarka ta yanke. In ganye ya jiƙe, sai mu wuni ba ka.

Ranar farko da ka fito, ina riƙe da kwanon kunu, bai kai bakin babanka ba. Hausarka ta canza, ɗana, ta zama irin ta littafi. Amma har yanzu kana jan numfashi ta hanci kafin doguwar magana, kamar lokacin da kake biya allo.

Ga abin da ke hana ni sukuni. Ni ke kunna masa rediyon, tunda ba ya gani. Sai na bari ka wuce gaisuwar farko nake kunnawa, in ka zo sallama kuma in yi maza in kashe kafin ka faɗi sunanka, in ce batir nake tattali. Shi ko ya kamu da shirin. Da an sallame la'asar yake kirana, wai in zo yaron nan ya kusa farawa. Ya ce yaron ya iya magana, sai dai yana sauri kamar an biyo shi. In ka yanke a tsakiyar zance sai ya bugi sitiyari ya ce, to, ina ya tafi kuma?

Imrana ya ce magani ɗaya ne, a sare manyan rassa biyu da ke bisa motar. Babanka ya ɗaga sandarsa ya ce duk wanda ya taɓa itacen nan sai ya ga abin da ya fi makanta. Ka san ranar sunanka ya dasa shi, cibiyarka tana ƙarƙashinsa. Duk fushin nan na shekara bakwai, ko ganye bai yarda a tsinka ba.

Likita ya ce zuciyarsa ta gaji. Ina tsoron in gaya masa kai ne, ya ce a cire rediyon, in rasa ku duka biyu a wuri guda. Ina kuma tsoron in yi shiru har lokaci ya ƙure. Kai mai ilimi ne, ka gaya mini yadda zan yi.

Ka riƙa shan ruwa kafin ka fara, ina jin maƙogwaronka yana bushewa.

Mahaifiyarka,
Tasalla

Kilomita Biyar, Bangi
14 ga Yuni, 2007

Ɗana Lukman,

Assalamu alaikum, ina fata kana lafiya. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, motar Abdulrahim tana lodi, gobe zai tashi.

An sare rassan. Babanka da bakinsa ya sa. Kwana huɗu ana ruwa ba mu ji ka ba, a na biyar ya ce in kira Imrana ya zo da masu gatari. Bai yarda ya shiga ɗaki ba. Ya zauna a bakin rijiya yana jin kowane sara, yana cewa a bi a hankali, kada a ji wa gindin ciwo. Da aka gama, rana ta faɗo tsakar gidan kamar ba namu ba. Na duba rediyo, sanduna biyar cif.

Da la'asar ka fito tas, kamar kana kujerar baya. Da ka zo sallama na miƙa hannu zan kashe yadda na saba, sai ya riƙe mini hannu. Ya ce, bar shi, Tasalla, batirin nan bai taɓa ƙarewa ba sai in yaron zai faɗi sunansa. Ya ce tun ranar farko ya gane ka, makaho ne shi ba kurma ba. Ya ce in bari ya ji sunan da ya raɗa.

Sai ka ce, ni ne naku, Lukman Bangi.

Ya ci gaba da kasa kunne har aka sa kiɗa. Sannan ya tambaye ni ko rediyon ya yanke ne. Na ce bai yanke ba, sanduna biyar ne. Ya ce, to, ya bi umarnina ke nan. Ya juya fuskarsa wajen taga. Shekara talatin da huɗu muna tare, ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Ga saƙonsa, yadda ya faɗa haka na rubuta. Ya ce ya janye maganarsa. Ya ce ba roƙo kake yi ba, ya saurara da kunnensa. Ya ce ka mayar da sunansa bayan naka, yana so ya ji. Ya ce kuma ka rage sauri. Wannan baƙin tabo da ke ƙasan takarda babban yatsansa ne, da tawadar allo ya dangwala, don kada ka ce ni na ƙirƙira.

Sau uku ina zuwa rumfar waya a Titin Kuduku da lambar da ka ba mu, wata mata ce take amsawa da Turanci, mai rumfar ya ce wai layin ba ya shiga. Don haka sai takarda. Abdulrahim ya ce mako uku in hanyar Kamaru ba ta lalace ba. Don Allah ranar da ta same ka, a ranar ka faɗa. Kada ka jira gobe. Kumburin ya kai gwiwa.

Mahaifiyarka,
Tasalla

Kilomita Biyar, Bangi
16 ga Yuli, 2007

Zuwa ga ɗana Lukman,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina yi maka fatan lafiya da ƙarfin zuciya. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa babanka rasuwa ranar Litinin da ta wuce, da hantsi, a cikin motarsa. Na kai masa kunu na tarar ya jingina kai da sitiyari. An yi masa sutura bayan azahar. Jama'a sun taru sosai, tsofaffin direbobin tasi har daga ƙetaren unguwa, Musulmi da Kirista. Imrana ne ya shiga kabarin ya karɓe shi a madadinka. Mun sake gwada waya, ba ta shiga ba.

Ranar Alhamis, kwana uku da binne shi, na kasa zaman ɗaki da masu gaisuwa. Da la'asar na fito na shiga motar, na zauna a kujerata ta kullum, na kunna. Tun daga gaisuwar farko na san takardata ta iso, don kana ta dariya ba dalili. Ka yi magana a hankali yadda ya ce. Da ka zo sallama ka faɗi sunanka, ka faɗi nasa, har ka maimaita. Na ji murnar da ke cikin muryarka, na gane ba ka sani ba. Na duba kujerar direba.

Ba zan yi maka ƙarya ba, na gaji da ƙarya. Bai ji ba. Kuma laifin ba naka ba ne, ba na Abdulrahim ba ne. Da na bar hannuna a cinyata tun watan Afrilu, da takardar ta riga tafiya da kusan wata biyu. Ina cewa tattalinsa nake yi, ashe kwanakinsa nake kashewa tare da rediyon. Malama Kubura ta ce in daina faɗin haka, komai da lokacinsa. Na sani. Amma hannun nawa ne. Ka yafe mini.

Abu ɗaya nake so ka riƙe. Tun ranar da aka sare rassan bai ƙara fashin shirinka ba, ko ranar da sai da mutum biyu suka ɗauko shi zuwa motar. Babu inuwa yanzu, ƙarfen yana zafi, na ce a shimfiɗa tabarma a kan rufin, ya ce a'a, kada a rufe wa yaron hanya. Kullum in ka ce Lukman Bangi, sai ya ɗaga murya ya gyara maka, kamar yadda yake yi in ka yi kuskure a allo. Ya faɗi sunanka, ya ɗora nasa. Kwana ashirin da biyar yana ƙarasa maka. Har ya gaya wa mai sayar da gawayi da ya shigo cewa wannan da ke magana ɗansa ne, a tsaya a ji.

Ina cikin takaba, ba na fita, amma motar a cikin gida take. Imrana ya ce zai riƙa zuwa yana yi wa batir caji. Wurin da aka sare ya fara tsiro, na ce masa ya riƙa datsewa.

In ka samu hali ka zo, ko bayan arba'in ne, in nuna maka inda yake kwance. In ba ka samu ba, kada ka cire sunan. Ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, kamar yadda ban taɓa kiran naka ba. Ga su nan na haɗa da hannuna, yadda yake faɗa: Lukman Mahaman.

Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙuri. Ina nan bayan la'asar.

Mahaifiyarka,
Tasalla