Giyar Motar da Ka Taɓa

Zuwa ga Yayana, maigidana, sanyin idona, inuwar da nake gudu gare ta in rana ta take, ruwan farko bayan dogon rani, wanda nake so fiye da kowa a bayan ƙasa, wanda kuma yau kwana uku ke nan in na kalli fuskarsa sai zuciyata ta yi zafi.

Gaisuwar masoya a gare ka, ko da yake wallahi ba ka cancance ta ba.

Na ajiye maka takardar nan a kan sitiyarin wasanka da ka ɗaure a tebur, don na san nan ne kaɗai ba za ka wuce ba ka gani ba. Sau uku kana tambayata me ya same ni, ina ce maka ba komai. Ƙarya nake yi, akwai komai! In na buɗe baki kuka ne zai riga maganar fitowa, kai kuma ka rarrashe ni, a wuce wurin ba a faɗi abin da ya kamata ba. Ka zauna ka karanta har ƙarshe, kar ka taso ka same ni a ɗakin ɗinki sai ka gama.

Ka tuna ranar da ka zo gidanmu da kwamfutarka, lokacin da kake nemana? Kana nuna wa yayyena wasan nan da mutum yake ƙera motarsa da kansa, tun daga inji har taya, sannan ya fita tsere da ita. Motarka tana ta kakari a hanya, kuna ta gardamar ko taya ce ko nauyi ne. Ina bakin ƙofa, ko allon ban gani ba, na ce giyarka ta biyu da ta uku sun yi nisa da juna. Ka juyo ka dube ni, irin kallon da har gobe in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ka ce ba ka taɓa ganin mai jin inji da kunne irina ba. Ranar na ba ka labarin marigayi Baba, makaniken da ya raine ni a garejinsa, yana ɗora ni a tsohuwar taya, ya tayar da mota ya ce in rufe ido in faɗa masa lokacin da ya kamata a canza giya. Na faɗa maka yadda bayan rasuwarsa yayyena suka karɓi garejin, suka ce mace ba ta riƙe sifana, suka sayo min keken ɗinki. Kai ne ka ce min, “To ga gareji nan a cikin kwamfuta, naki ne, ba mai korarki.” A kan maganar nan na fara sonka, Yaya, ba a kan dogon hancinka ba.

Shuɗiyar motar nan da na haɗa maka a wasan don tserenku da abokanka, yammaci nawa na yi a kanta? Huɗu! Na ture ɗinkin mutane gefe, har wata ta zo karɓar rigarta ta koma tana ƙunƙuni. Na zaunar da kai na nuna maka zanen da wasan yake fitarwa, layin nan mai nuna ƙarfin inji gwargwadon juyinsa. Na ce kar ka dubi tsawonsa kaɗai, ka dubi faɗinsa. Injin da na haɗa ƙarfin dawakai ɗari huɗu da tamanin ne kacal, amma daga juyi dubu huɗu da rabi har dubu bakwai layin a shimfiɗe yake kamar tebur, duk inda ka taka totur akwai ƙarfi. Na matso da giyoyin kusa da juna, ta yadda duk ka canza, allura ba za ta sauko ƙasa da dubu biyar ba. Ka ce ai gudunta kilomita ɗari biyu da sittin ne kawai a awa. Na ce hanyar da za ku yi tseren mai tudu ce da kwana-kwana, miƙaƙƙen wurinta ɗaya ne, kuma ba motar da za ta kai ɗari biyu da arba'in a can ba ta taka birki ba. Ka gyaɗa kai, ka sumbaci goshina, ka ce na fi injiniya. Ashe gyaɗa kan na a wuce wurin ne.

Ranar Juma'a ina kasuwa sayen zare, abokinka Farfesa ya zo. Kar ka musa, wasan ya rubuta ranar da aka yi canjin, kuma kofuna biyu na tarar a teburin. Farfesan da ko keke bai taɓa kwancewa ba, mai gyaran waya, wanda sunan ma don yawan surutu kuka laƙaba masa! Shi ya fi ni sanin mota? Kuka ɗora wa injina turbo, na'urar nan mai cusa wa inji iska, mai girman tukunya, lamba ta haura dawakai ɗari bakwai, na san kun yi ta tafawa kamar yara. Ba ku ga layin ya koma tsini ba? Ƙarfin duka ya tattaru can sama a dubu takwas, ƙasa da nan kwari ne, babu komai a cikinsa. Bai ishe ku ba, kuka ja giyoyin suka yi nisa da juna don maleji ya nuna ɗari uku da tamanin. Ɗari uku da tamanin a ina, don Allah? A hanyar da ba ta da inda za a yi shi?

Ranar Asabar bayan la'asar ku shida kuna falo, ina kicin ina haɗa muku shayi, aka tashi tseren. Giya ta ɗaya lafiya, ta biyu tana ihu. Da ka shiga ta uku a gindin tudun nan sai na ji muryar injin ta faɗi, ta koma gurnani kamar injin niƙa da aka cika wa hatsi. Allura ta faɗa cikin kwarin da kuka haƙa da hannunku. Ban ga allon ba, amma na ajiye buta na ce an taɓa min mota. Kai ne na ƙarshe, har mai motar da ake yi wa dariya kullum sai da ya wuce ka.

Da a nan aka tsaya, wallahi dariya zan yi maka, in ce Allah ya ƙara. Sai Farfesa, shi da ya san komai, ya karkace baki ya ce, “Wai wa ya saita maka giyar nan ne?” Kai kuma, ran zuciyata, hasken ɗakina, ka yi 'yar dariya ka ce, “Ai Madam ce injiniyar gidan.” Falon ya ɗauki shewa. Wani ya ce, “Kai ma dai, ka bar ta da keken ɗinkinta mana!” Ina tsaye a bakin ƙofa da farantin shayi a hannu. Ka gan ni, Yaya. Idonka ya shiga nawa, sannan ka mayar da shi ƙasa.

Haba! Da bakinka? Bakin da ya ce ba mai korata? Maganar da aka faɗa min a ƙofar garejin Baba ita aka maimaita a falona, kuma mijina ne ya buɗe mata ƙofa. Don kar maza biyar su yi maka dariyar minti biyu, ka miƙa musu ni suka yi da ni. Na ajiye shayin, na ce a sha lafiya, na koma kicin na kunna famfo don kar a ji kukana. Ka watsa min ƙasa a ido a gaban mutanen da nake wanke kofunansu. Sannan ka iya zuwa kana tambayata me ya same ni!

Abin da ya fi ba ni haushi kuwa, ina sonka. Ina fushi ina ninke maka kaya. Ina fushi ina kasa kunne in ji ƙarar babur ɗinka a ƙofar gida, in na ji ta sai raina ya yi sanyi kafin in tuna ba na yi da kai. Wane irin so ne wannan, da ba ya ko taya ni fushi? Kai ne iskar da ke shigo min ta taga in zafi ya dame ni, kai ne wanda in ya yi tafiyar kwana biyu gidan yake yi min faɗi. Ta yaya zan ƙi ka? Ta yaya kuma zan zauna gefenka a teburin nan kamar ba abin da ya faru?

To ga abin da na yi. Jiya da ka fita aiki na cire turbon nan na jefar, na mayar da injina yadda yake, na mayar da kowace giya gurbinta. Motar tana nan tana jiranka. Ranar Asabar za su dawo, ka fita da ita. In ba ka yi gaggawar taka totur a kwana ta uku ba kamar yadda ka saba, kai za ka zo na ɗaya, ko tantama ba na yi. Za su yi mamaki, za su tambaye ka me ka yi mata.

Ina so ka faɗa musu abu biyu, da babbar murya, Farfesa yana zaune. Ka faɗi wanda ya saita motar da ta ci, ka kuma faɗi waɗanda suka lalata ta wancan makon. Ba na son turare, ba na son atamfa, kar ma ka wahalar da kanka. Kar kuma ka zo ka ba ni haƙuri a ɗaki daga ni sai kai, a gaban mutane aka yi, a gabansu za a gyara.

In ka kasa, ba inda zan je. Zan dafa maka abinci, in tarbe ka da fara'a, in so ka har ranar da za a kai ɗayanmu makwancinsa, wannan alkawari ne. Amma ba zan ƙara zama a kujerar wasan nan ba, ko ka tambaye ni me ke damun injinka zan ce ban sani ba. Za ka ci gaba da samun matarka tela. 'Yar makaniken da ta ji giyarka daga bakin ƙofa kuwa, ranar za ka yi bankwana da ita.

Taka ce ni, cikin fushi da cikin daɗi, yau da gobe da bayan gobe,

Matarka, mai jiran Asabar.