Abincin da Ban Ci ba a Gidan su Layal

Gwaggo Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar taki, da sauƙi? Yaya Baba Malam da yara? Ni jiki lau, sai dai zuciya.

Gwaggo, maganar aurena da Layal, 'yar Labanan ɗin nan da muke karatu tare, ta rushe. Iyayenta ne suka gayyace ni cin abinci a gidansu a Summerfield. Na yi duk abin da kika koya mini: na durƙusa na gaishe su, na sunkuyar da kai, ban yarda mun haɗa ido da mahaifinta ba. Mahaifiyarta ta cika tebur, har da shinkafa naɗe cikin ganyen inabi, wadda ta wuni tana yi. Sai cewa take, "Ci mana, ɗana!" Ni kuwa ina zan iya sakin ciki gaban surukai? Na ɗan taɓa, na ce alhamdulillahi.

Ashe a wurinsu cin fuska ne. Uwar ta ce na raina girkinta, uban ya ce wanda ba ya kallon mutum akwai abin da yake ɓoyewa. Layal ta yi musu bayanin kunyarmu har da kuka, ba su saurara ba, ita kuma ba za ta saɓa musu ba.

Ki sa ni a addu'a, ki gaishe mini da kowa. Lefen da kika fara haɗawa, a dakata. Wallahi Gwaggo, ranar da yunwa na je gidan, da yunwa na dawo.

Ɗanki,
Nasiru