Jar Rigar da Na Bayar a Ɓoye

Zuwa ga Yaya Nasiru, shugaban guruf ɗin rabon kyautar kayan gem, wasan waya, na Zongo, da manyan da ke ciki.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da girmamawa. Ni ne Idi, wanda ya zo daga arewa da kawunsa mai shanu, wanda kuke kira Ɗan Ruga. A yi haƙuri da rubutuna, aji uku na yi. Tunda kun cire ni, na roƙi mai gyaran waya ya sa mini wannan a guruf ɗin unguwa.

Na ɗaya. Da na zo Kwatano ban san kowa ba, ku kuka fara ce mini sannu. Kuka ce duk wata ana naɗa Sarkin Kyauta a sa hotonsa a kan guruf, wanda kuma bai ba kowa komai ba a kore shi. Ba wanda ya ce mini sai an yi kaptir, wato a ɗau hoton kyautar a waya a watsa kowa ya gani.

Na biyu. A gidanmu in Inna za ta ba maƙwabciya nono, rufe ƙwaryar take da faifai ta bi ta bayan ɗaki. Ta ce kyautar da aka gani ta zube. Haka na yi. Mutum huɗu na ba kayan gem, kowanne a ɓoye, kowanne na ce ya yi shiru. Sun kuwa yi shirun.

Na uku. Jar rigar sojan nan ta cikin gem, wata biyu ina bugawa kafin na same ta. Bashiru mai zem, wato ɗan acaɓa, ya ce ƙanensa na kwance a Godomey, ita kaɗai yake so. Na ba shi. Bayan kwana biyu ya ba ƙanenku ita, Yaya, a gaban kowa, da kaptir. Ranar Juma'a kuka naɗa Bashirun Sarkin Kyauta. Sunana kuma shi ne a saman masu ci ba bayarwa.

Na huɗu, wannan ne ban gane ba. Na turo murya ina bayani. Aka yanke ta, aka haɗa da kukan saniya, aka watsa. Ku ma kun sa alamar dariya, Yaya, na gani kafin ku cire ni. Yanzu in na wuce wurin mai shayi sai a fara yi mini kukan saniya. Kawu ya ji ta a kasuwa ya yi dariya, sai aka ce masa muryar ɗan ƙanwarsa ce. Tun ranar shi kaɗai yake cin abinci.

Ba sarauta nake nema ba. A tambayi Bashiru a gaban mutane inda ya samo rigar. A goge muryar. A mayar da ni, don ban da ku ba ni da kowa a garin nan.

Hular ƙarfe ɗaya ta rage mini a gem ɗin. In kun mayar da ni zan bayar da ita kowa na kallo. A dai nuna mini inda ake dannawa a yi kaptir. Ba zan gaya wa Inna ba.

Allah ya ƙara muku girma, ya ba ƙanen Bashiru lafiya in da gaske yana kwance.

Wassalam.

Naku, Idi Ɗan Ruga.